Shekarar da Sani Ya Yi Magana a Rediyo

Ku 'ya'yana, na san abin da ake faɗa a kaina a cikin dangi, kuma na san wasunku sun ɗauka sun riƙe. Ana cewa ubanku ya ƙaryata mahaifinsa a gaban jama'a saboda hassadar ƙanensa. Ba zan roƙe ku ku daina faɗa ba. Zan dai jera muku abin yadda ya faru, na gaba a gaba, na baya a baya, domin ba na son zance a hargitse. In kun gama karantawa kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama, amma ya yanke shi a kan cikakken labari.

Da farko ku san gidan da na fito. Gidanmu na Ƙofar 'Yandaka gidan wanzanci ne tun kaka da kakanni. A wanzanci ba gona ake gada ba, gidaje ake gada. Gidan da ubanka ya yi wa askin suna, kai za ka yi wa 'ya'yansu kaciya, kai za ka yi wa tsofaffinsu ƙaho, kuma ba wanzamin da zai taka zauren sai da izininka. Kakanku, wanda unguwa ke kira Baba Wanzam, ya gaji gidaje masu yawa, ni kuma ni ne ɗansa na fari. Kun san kunyar ɗan fari: uba ba ya faɗin sunansa, ba ya yabonsa, ba ya dariya da shi. Baba ya riƙe wannan al'ada gam. Tun ina rataya mashi zabira, jakar fatar da ake zuba asake da ƙahoni, har furfura ta fito mani a gemu, ban taɓa jin "Abdu" ya fito daga bakinsa ba. "Kai" nake, ko "wancan". In ya matsu ƙwarai sai ya ce a kira mashi yayan Sani. Ku lura da kyau, da sunan ƙanena ake nemana a gidan ubana.

Baffanku Sani shi ne autan maza. Ya ƙi aska tun yana ƙarami. Ni da na gama firamare aka ce ya isa haka, zabira na jira, ban yi musu ba. Shi kuwa ya yi ta wucewa gaba har ya shiga makarantar koyon aikin lafiya, ya fito malamin asibiti. Baba ya ce ya watsar da gado, ya yi shekaru yana amsa gaisuwarsa a daƙile. Amma ko a cikin fushin, da sunansa yake yi mashi faɗa. Ni ban damu ba a lokacin, domin ina da abin da nake jira. A al'adar gidanmu, ranar da tsoho zai ajiye aska yakan tara masu gidajen, ya ɗauki zabirarsa ya miƙa wa magajinsa, ya ambaci sunansa a fili domin kowa ya san hannun da zai riƙa shiga gidansa. A wannan wuri kunya ba ta aiki, dole a faɗi suna. Wannan ranar nake yi wa bauta. Kuma a shekarar da nake ba ku labari, idon Baba ya yi rauni, ya riga ya sanar cewa in yaran kaciyar bana sun warke, a walimar fitarsu zai miƙa zabira.

Abu na biyu da ya kamata ku sani shi ne ɓangaren sana'ar da ba a gani. Wanzami ya ga tsiraicin namiji yana yaro, don haka in ya girma ba ya jin nauyinsa kamar yadda yake jin na kowa. Mutum zai zo aski, ya yi ta ba wasu layinsa har wuri ya watse, sannan ya matso ya ce, "Malam Abdu, akwai 'yar magana." Da na ji haka na san inda aka dosa: zafin fitsari, ko ruwan da ke fita, ko ƙuraje a gaba. Ciwon sanyi dai, da 'yan uwansa da ake ɗauka wajen saduwa. A da saiwa muke bayarwa. Daga baya na ga allurar asibiti ta fi saurin kashe shi, sai in tura mutum can, in ce ya tafi da matarsa. Tun da Baba ya tsufa ni ake kawo wa waɗannan maganganu, shi ba ya jin su. Dokar kuwa guda ce, kuma shi ya koya mani ita: abin da aka faɗa a kan tabarmar aski, da tabarmar ake naɗe shi.

To, yanzu ga shekarar. Wata rana bayan la'asar Baba na zaune a zaure da 'yar rediyonsa, ni ina wasa aska a gefe, sai muka ji mai gabatar da shirin lafiya ya ce yau yana tare da Malam Sani, kan maganar kaciya. Ba wanda ya gaya mana zai shiga. Muryar Sani ta fito tar. Ya ce masana sun bincika sun ga namijin da aka yi wa kaciya bai kai wanda ba a yi wa ba saurin ɗaukar wasu cututtukan saduwa, har da ƙanjamau. Yana faɗin haka Baba ya miƙe tsaye, tsohon da sai an kama shi yake tashi, ya leƙa cikin gida yana ƙwala kira.

"Ku hito ku ji! Sani ne! Sanina ne cikin rediyo!"

Mata suka taru a bakin ƙofa, yara na tsalle, maƙwabta suka shigo. A cikin wannan hayaniya Sani ya ci gaba da cewa amma a kula, ragewa take yi, ba hanawa ba, mai kaciya ma yana kamuwa kuma yana sa wa iyalinsa, don haka kowa ya kama kansa. Ni na ji, domin ni kaɗai ne ban buɗe baki ba. Baba bai ji ba. Yana can yana kabbara, hawaye na bin gemunsa.

"Ashe abin da muke yi tun kakanni magani ne! Yau ga ɗiyana ya hidda mu kunya gaban duniya."

Ba zan ɓoye muku abin da na ji ba. Haushi ne ya cika ni. Samarin unguwar nan kaf, hannuna ne ya yi musu kaciya. Ni na kwana da su a ɗakin jinya, ni na wanke, ni na barbaɗa garin bagaruwa, ni iyaye ke harara in yaro ya yi kuka. Sani bai taɓa riƙe ƙafar yaro ba. Ya shiga ɗaki mai sanyi ya yi magana, shi ke nan ya zama wanda ya fitar da gida kunya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Washegari Baba ya aika aka kira shi, ya sa aka yanka kaza, ya zaunar da shi a kan buzunsa, buzun da ni ko gefensa ban taɓa takawa ba. Ya tsame mashi cinya da hannunsa. Ni aka ce in kawo ruwan wanke hannu.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye, domin na saba. Amma Baba ya ɗauki rabin maganar ya shiga gari da ita. A masallaci, a wajen suna, a wajen jana'iza, duk inda mutum uku suka taru sai ya faɗa.

"Duk wanda askar gidanmu ta taɓa, ciwon mata ba ya kama shi. Ba ni na hwaɗi ba, Likita ya hwaɗi a rediyo."

Sani ya zama Likita ke nan. Maganar tsoho mai daraja kuwa ba ta faɗuwa ƙasa banza. Dattawa suna jin daɗinta su wuce, amma samari suka ɗauke ta suka sa a aljihu. In na ratsa ta wajen mai shayi sai in ji suna tsokanar juna, wannan ya ce shi sulke gare shi, wancan ya ɗaga mani hannu ya ce, "Malam Abdu, Allah ya saka, ashe rigakahi ka yi mana tun muna yara!" Su yi ta dariya. Ni kuwa na san wasu daga cikin masu dariyar sun zauna a tabarmata sun ce akwai 'yar magana.

Sai ga wani ya zo. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma kada ku yi ta lissafin gidaje kuna neman gano shi. Abin da zan iya faɗa, ɗan wani babban gida ne cikin gidajenmu, ni na yi mashi kaciya, bai daɗe da aure ba, amaryarsa na da ciki. Ya jira kowa ya tashi, ya gaya mani abin da ke damunsa yana kallon yatsun ƙafarsa. Na tambaye shi tun yaushe. Ya faɗa. Na tambaye shi ko ya ƙaurace wa iyalinsa tun da ya ga alamar.

"A'a, Malam. Na ɗauka zahi ne kawai ya taso mani. Ai Baba Wanzam ya ce mu ba mu kamuwa."

"Kai da ka san inda ka je, Baba Wanzam ne ya raka ka?"

Ya ce amaryar ita ma ta fara kukan ciwon mara. Na ce gobe da sassafe ya ɗauke ta su tafi asibiti, kuma kada ya sake ya ce ita ta kawo. Ya roƙe ni kada in haɗa shi da Sani, don kada magana ta koma gida. Na ce da ma ban yi niyya ba. Na kwatanta mashi wani malamin asibitin daban.

Daga nan na ga ba zama. Ni mutum ne mai bin abu daki-daki, don haka na fara da mai maganar. Na hau keke na tafi Kambarawa, inda Sani ke haya a lokacin. Bayan mun gama gaisawa na ce mashi ya san abin da Baba ke faɗa da sunansa.

"Na sani, Yaya. Wallahi ban ce haka ba. Cewa na yi tana ragewa."

"Na ji da kunnena. To ka zo ka gaya mashi."

Ya juya makullin babur a hannunsa, ya ce:

"Yaya, kai kullum kana gabanshi, ba ka san mi ake ji ba in uba ya kawar da kai. Shekara nawa ina durƙusawa yana amsa mani kamar mai bin shi bashin gaisuwa? Yanzu ne fa ya fara kallona. Ka bar ni in ɗan sha inuwar nan. In an gama walima sai in lallaɓa in gyara."

Na dube shi. Wai ni ne ban san yadda ake ji ba. Na ce mashi ciwo ba ya jiran walima, na ɗauki kekena.

Na biyu, na je wa Baba shi kaɗai a ɗakinsa. Na durƙusa na ce maganar rediyo akwai sauranta da bai ji ba, kaciya ragewa take yi kawai. Bai bari na kai aya ba.

"Kai ka yi karatun ko shi?"

"Shi ya yi, Baba. Amma a tambaye shi."

"In tambaye shi mi? Da kunnena na ji. Tashi ka ba ni wuri. Tun ranar nan na lura da huskarka."

Da na dawo na gaya wa mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce:

"Malam, ka yi shiru har a miƙa maka abinka. In zabira ta shigo hannunka ka gyara duk abin da za ka gyara. Yanzu ko Ƙur'ani ka dafa, hassada za a ce."

Shawara ce mai kyau, kuma na yi niyyar bin ta. Na shiga walimar nan da nufin ba zan ce uffan ba.

An yi ta a babban zauren gidan su saurayin nan mai amarya da ya zo mani da 'yar magana, domin ubansa ne ya ɗauki nauyin abinci. Yaran da suka warke suna jere da sababbin riguna. Masu gidaje sun cika wuri, samari sun tsaya daga baya har waje. Zabirar Baba na ajiye a gabansa, an shafe ta da mai tana ƙyalli. Ni ina damansa, Sani na hagunsa. Aka ci aka sha, liman ya yi addu'a, Baba ya gyara murya. Ya yabi kakanni, ya yabi masu gidaje. Sannan ya nuna yaran da sandarsa, ya ɗaga murya don na waje su ji.

"Ku dube su. Daga yau sun shiga ganuwa. Su da ciwon mata har abada, haka duk wanda ya bi ta hannunmu. Ku samari ku gode wa Allah, ku kwantar da hankalinku."

Samari suka ɗauki sowa. Na dubi Sani, ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Na dubi yaran nan, waɗanda za su girma da wannan magana a kunnensu, daga bakin mutumin da ba su taɓa jin an musa mashi ba. Ban san lokacin da na ce:

"Baba, a gafarce ni. Ba haka ba ne. Ragewa take yi. Mai kaciya yana kamuwa, kuma yana kai wa matarshi."

Baba ya juyo da fuskarsa wajena a hankali.

"Ƙarya nake yi ke nan."

"Ban ce ba, Baba. Maganar ce ba ta cika ba."

"To cika ta. Kai ka yi musu kaciyar, ko ba kai ba? Hwaɗi mutum guda da ya bi ta hannunmu ya kamu. Guda tak. In ka hwaɗi, ga zabira, ɗauki."

Saurayin nan yana tsaye a bakin ƙofa da tulun ruwa, bai fi taku kaɗan daga inda nake ba. Ubansa na zaune kusa da liman yana murmushin mai masauki. Ban da shi, a cikin zauren nan akwai wasu, har da masu furfura, da kowannensu ya san na sani. Duk suka zuba wa tabarma ido. Suna guda ake nema, ni kuwa ina da su fiye da yatsuna. Na juya wajen ƙanena.

"Sani, kai ka yi maganar. Hwaɗa musu."

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, a bar maganar nan sai an watse."

Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Kun gani? Ba shi da kowa. Ciwon da ke damun wancan ba a yi mashi kaciya. Ƙanenshi ya yi suna, shi ke nan ya hana shi barci." Ya lalubi zabira ya ɗaga ta da hannu biyu. "Jama'a ku shaida. Sani, ɗana, Muhammadu Sani, amshi. Wancan ya ci gaba da yi maka aikin hannu, tun da shi ya iya."

Har da sunan yanka ya haɗa mashi. Sani ya karɓa. Aka shafa fatiha. Ni na tattara kwanukan da aka ci abinci, domin aikin ba ya tattara kansa.

Yanzu ga tambayar da kuke yi a bayan idona: kishi ne ya sa na yi magana, ko gaskiya? Amsa ita ce da kishin na shiga zauren, da shi na fita, kuma yau da nake rubutun nan in na tuna cinyar kazar nan sai na ajiye alƙalami na sha ruwa. Ban taɓa cewa ba na kishin Baffanku ba. Amma mai kishi in ya ce rana ta fito, a leƙa waje a duba kafin a ce ƙarya yake. Da kishi kaɗai ke tuƙa ni, da suna guda ya ishe ni, in tashi da zabira a kafaɗa, in bar gidan mutane ya rushe a bayana.

Bayan kwana biyu Sani ya zo da ita a cikin buhu, ya ajiye a gabana, ya ce in riƙe, shi bai san ko yadda ake buɗe ta ba. Na ce ya mayar. Fata ce da ƙarfe, ina da tawa. Abin da nake so a cikinta an riga an faɗe shi a zaure, kuma ba nawa aka faɗa ba. Ya yi kuka, ya ce in yafe mashi. Na ce yafiya tana nan, amma ba ita ce a gaba ba. Abin da ke gaba shi ne ya koma inda ya ɓata ya gyara. Wannan kam ya yi, ba zan danne mashi ba. Ya nemi a sake ba shi fili a shirin.

Ranar da aka sa shirin Juma'a ce da hantsi, ina yi wa Baba aski a zaure, domin duk abin da ya faru ba wanda ya yarda ya taɓa kansa sai ni. Tun walima magana ba ta haɗa mu ba, sai dai ya miƙo kai in aske. Rediyo na kan cinyarsa. Sani ya fito ya ce ya dawo ne saboda an yi wa maganarsa gurguwar fahimta. Ya ce kaciya aba ce mai amfani, tana rage haɗari, amma ba ganuwa ba ce. Mai kaciya yana kamuwa, kuma yana kai wa matarsa. Wanda ya ga alama ya je asibiti da iyalinsa, kada ya tsaya. Kusan kalma da kalma abin da na faɗa a zaure. Na tsayar da aska. Na ce a raina yau dai za a juyo a dube ni.

Baba ya saurara har ƙarshe, wannan karon bai katse ba. Ya jinjina kai, ya yi murmushi har dasashinsa ya bayyana.

"Allahu akbar. Ka ji ilimi. Yaron nan ba ya barin magana rabi." Ya ɗaga yatsa sama, bai waiwayo ba. "Kai, ka ji abin da Sani ya ce? Ragewa take yi, ba hanawa ba. Ka riƙe wannan da kyau, ka riƙa gaya wa masu zuwa wurinka."

Na ce, "To, Baba."

Na jiƙa hannu na shafa mashi ruwa a ƙeya, na ce ya ɗan sunkuya, saura bayan kunne.